Sabon cikin TARDIS ɗin nan fari fat, ni kaɗai ne na ji kamar an kwashe kayan ɗaki?

Gamzaki:

Salamu alaikum jama'a. Ni dai kun san kullum a makare nake, sai makon nan na samu na kalli fitowar Doctor Who, shirin nan na BBC na Dakta mai yawo cikin lokaci da sararin samaniya, ta cikar shekara 60, guda ukun nan na ƙarshen 2023 da David Tennant ya dawo, na ɗora da zangon farko na Ncuti Gatwa na 2024, kuma abu ɗaya ke ta min yawo a ka tun da na gama.

A ƙarshen kashi na farko da suka buɗe ƙofar akwatin, wato TARDIS, kumbon Daktan, suka shiga, Tennant da abokiyar tafiyarsa Donna, wallahi sai da na tsayar na maimaita sau biyu, don girman wurin ya wuce tunani, fari fat, ga hanyoyi masu gangara suna lanƙwasa sama da ƙasa, bango duk zagaye-zagaye masu haske suna ta canza kala, shi kuma Tennant sai gudu yake a ciki kamar yaron da aka tashi daga makaranta. Na ce tab, lallai an kashe kuɗi a nan. To amma da tafiya ta yi tafiya sai na fara jin wani iri. Ban ga kujera ba, ban ga littafi ba, ban ga wata alama ta cewa akwai mai kwana a wurin ba, in ka cire injin gahawar nan da Donna ta kifar da gahawarsa a kan teburin tuƙi da kuma akwatin kiɗan da aka ƙara wa Gatwa to shi ke nan fa. Ni da na Peter Capaldi na fara kallo, mai kantocin littattafai a sama da baƙin allo da alli da kujerar nan ta fata, shi ne nake gani na ji cewa eh tsoho ne mai dogon tunani ke zaune a nan. Wannan sabon kuwa kamar zauren jiran jirgi ne da asuba kafin fasinja su iso.

Na leƙa wajen masu sharhi na tarar ana ta dambe, wasu na cewa ba a taɓa yin mai kyansa ba, wasu na cewa shagon Apple ne kawai aka sa wa sitiyari a tsakiya. Tambayata biyu ce. Ni ne idona bai saba ba ko da gaske akwai abin da ya ɓace? Sannan me ya sa ma ba za a bar kumbon nan ya huta ba, kowane sabon Dakta sai an rushe ɗaki an sake?

Tsohon_Makalli:

Wa alaikumus salam. Ɗana Gamzaki ka ba ni dariya, wai an kwashe kayan ɗaki. Ai ku 'yan bana bakwai ne kuke ganin farin nan sabon abu ne, mu a wajenmu gida aka dawo. Ranar 23 ga Nuwamba 1963 da BBC ta fara haska shirin nan da William Hartnell, ɗakin da Peter Brachacki ya zana haka yake, fili mai haske, bango mai zagaye-zagaye, tebur mai kusurwa shida a tsakiya da ginshiƙin gilashi mai hawa da sauka. Abin da Phil Sims ya yi a 2023 shi ne ya ɗauko wancan ya hura shi ya yi girman da kuɗin 1963 ba za su iya ba. A wancan lokacin saboda ƙarancin kuɗi da matsin sitidiyo har wani ɓangaren bangon hoto ne kawai aka buga babba aka kafa, kuma teburin kansa ba fari ba ne, kore-kore ne mai haske aka yi masa don kyamarar baƙi da fari ba ta son farin fenti, walƙiya yake mata.

Kuma kada ka ɗauka ba a taɓa gwada mai ɗumi irin wanda kake so ba a zamanin da. A 1976 lokacin Tom Baker an kawo wani ɗakin na katako mai duhu, ƙaramin tebur kamar na marubuci, Barry Newbery ne ya zana shi, mutane da yawa har gobe suna sonsa. Zango ɗaya ya yi, aka ce katakon ya lanƙwashe a sito, a 1977 aka koma fari, kuma a farin aka zauna har aka tsayar da shirin a 1989. To ka lissafa, shekara 26 kusan duk a farin ɗaki aka yi su, kai kuma ka zo ka tarar da na 2014 kana cewa shi ne asali. Sabo dai ake ce wa turken wawa, ban ce da kai nake ba fa hhh, har ni ina ciki.

Zara_Matar_Wata:

Baba Tsohon Makalli a yi haƙuri zan ɗan ja da ku, da girmamawa. Na kalli na Hartnell ɗin da kuke magana, kuma eh fari ne amma ai ba fanko ba ne. Akwai tsohuwar kujera ta katako a gefe, akwai agogon nan mai ado irin na gidajen attajiran Turai na da, akwai injin da ke ba su abinci, har gadajen da suke kwanciya an nuna, daga baya kuma sandar rataye hula ta zo ta zauna shekara da shekaru a kusurwa. Wato mutumin nan ya tsere daga duniyarsu amma yana tsince-tsince a hanya yana ajiyewa, kana shiga ka san halinsa tun kafin ya buɗe baki. Wannan ne abin da ɗan'uwa Gamzaki ke cewa ya ɓace, ba kalar fenti ba ce damuwarsa.

Ni na Matt Smith na farko ne nawa, na 2010, mai kalar tagulla da daɓen gilashi da matakala ta ko'ina, teburin duk tarkace, ga tafireta ga kan famfo ga ƙararrawa irin ta teburin otal, kai ka ce yaro aka ba kwandon shara ya haɗa jirgi, kuma daidai da halin Daktan ne don shi ma haka yake a birkice. Akwai ma wurin zama a ƙarƙashin gilashin da yake shiga da tabarau yana gyaran wayoyi abokiyar tafiyarsa Amy na tsaye a sama tana masa tsiya, irin wannan ƙananan abubuwan su ne suka sa na ji akwai rayuwa a cikin jirgin. Sabon nan fa? Ruby, abokiyar tafiyar Gatwa, ta shigo ta buɗe baki ta yi mamaki, an ja liba, an sauka, an fita. Kyan ɗan maciji. Ina kallonsa ina yabawa amma ba na sha'awar in kwana a ciki.

Abu ɗaya da zan ba su shi ne gangarar nan, don a kashi na uku na 2023 har ƙofar akwatin aka sa wa gangara saboda masu keken guragu, ga Shirley ta rundunar UNIT, mai keken guragu, a wurin tana gani. Wannan kam sun kyauta, wasu ɗakunan baya duk matakala ne.

Kafintan_Fage:

Bari in shigo ta ɓangaren da na ɗan sani, don na taɓa aikin kafa fagen wasan kwaikwayo kuma har yanzu in ina kallon fim rabin hankalina na kan inda aka ɓoye fitila.

Malam Gamzaki tambayarka ta biyu tukuna, me ya sa ake ta rushewa. Yawanci ba Daktan ne dalili ba, masu riƙe da shirin ne ke canzawa ko kuma wurin ɗauka. Ka duba, Christopher Eccleston ya tafi a 2005 Tennant ya karɓa amma ɗakin murjanin nan na Edward Thomas bai motsa ba har farkon 2010, saboda Russell T Davies ne dai ke jan ragama. Da Steven Moffat ya karɓa a 2010 sai sabon ɗaki, kuma lokacin an riga an koma ɗauka da kyamara mai fitar da hoto tar tun 2009, irin wadda ba ta rufa wa kafinta asiri, duk inda aka liƙa ko aka yi ha'inci a fenti sai ta tona. A Kirsimetin 2012 aka sake wani alhali Matt Smith bai je ko'ina ba, lokacin an tashi daga tsohon sitidiyo an koma Roath Lock a Cardiff, Michael Pickwoad ya gina mai ƙarfe-ƙarfen nan da zobba masu juyawa a sama. Shi ne kuma wanda kake kira na Capaldi, ba sabo aka gina masa ba, fitilun aka mayar ruwan lemo aka zuba littattafai da allo a 2014, ka ga kenan da kaya kaɗan ake mayar da ɗaki mai sanyi ya zama na mutum. Chris Chibnall ya zo a 2018 da nasa, Davies ya dawo a 2023 aka koma Wolf Studios, da kamfanin Bad Wolf da kuɗin haɗin gwiwa da Disney, to dole a yi sabo, kuma dole a yi shi yadda wanda bai taɓa kallo ba zai gani ya ce wannan ba ƙaramin shiri ba ne.

Yanzu maganar fanko. Ni a ganina an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Na Jodie Whittaker na 2018 da Arwel Wyn Jones ya zana, wanda ke da manyan ginshiƙan duwatsu masu ƙyalli kewaye da tebur kamar yatsu, a hoto yana da kyau amma ka lura da shi a cikin fim, duhu ne, ga mutum huɗu a ciki, Dakta da Graham da Ryan da Yaz, duk inda ka ajiye kyamara sai ginshiƙi ya tare maka fuskar wani, shi ya sa za ka ga yawanci a jere suke tsaye kamar masu jiran a ɗauke su hoto ko kuma a matso da kyamara dab da fuska. Masu kallo sun yi ta ƙorafi a kai. Sai aka zo 2023 aka ce to a buɗe komai, a cire duk abin da zai tare ido, a sa fitilu a cikin bangon kansa yadda da danna maɓalli ɗaya ɗakin zai koma ja ko shuɗi ko ruwan hoda ba sai an hau tsani an sauya fitila ba. Ga mai ɗaukar hoto wannan aljanna ce. Amma babban fili yana da nasa haraji, in ka ja kyamara baya don a ga girman wurin sai mutum biyun su zama kamar tururuwa a faranti, in ka matso don a ga hawaye a idonsu sai bayansu ya zama farin bango kawai, girman da aka kashe wa kuɗi ya tafi a banza. Na Pickwoad ya fi kowanne daidaita wannan, zagayayye ne cikakke kana iya juya kyamara ta kowane gefe, ga baranda a sama ga rami a ƙasa, kuma bai yi girman da zai haɗiye ɗan wasa ba.

Sai babban abin da ban ga ana faɗa ba sosai, lokaci. Zangon 2005 kashi 13 ne, na Capaldi 12, na farkon Whittaker 10, na Gatwa 8 kacal. In kashi takwas gare ka kuma kowanne na da dodonsa da duniyarsa, yaushe za ka samu minti biyar na mutum biyu su zauna a jirgi suna hirar banza? Kuma hirar banzar nan ita ce ke mayar da ɗaki gida. Ko da sun zuba kujeru goma, in marubuci bai rubuta wanda zai zauna a kai ba, kujerun ma ado za su zama.

Ɗan_Adawa:

Ku dai kuna da aiki wallahi. Akwatin 'yan sanda ne fa na katako da cikinsa ya fi wajensa girma, kun yarda da wannan ba gardama, amma rashin kujera ne ya hana ku barci.

Mu 'yan Star Trek mun riga ku shan wannan. A 2009 da aka fito da ɗakin tuƙin Enterprise fari mai ƙyalli a fim ɗin J.J. Abrams, kalmar shagon Apple ɗin nan da kuke yayi yanzu tun a kansa aka yi ta faɗarta. Sai ga shi a 2023 a zangon ƙarshe na shirin Star Trek: Picard an sake gina tsohon ɗakin tuƙin shirin 1987, da kafet ɗinsa da katakonsa mai lanƙwasa, wanda a da ake masa dariya wai falon otal ne, manyan mutane masu furfura suka dinga kuka a gaban talabijin. Ku ba wannan farin naku shekara ashirin, yaran da suka fara da Gatwa za su zo su cika mana kunne cewa ba a taɓa yin kamarsa ba.

Kuma masu shirin naku sun san halinku sarai, tun lokacin da Patrick Troughton, Dakta na biyu, ya dawo baƙunta a farkon shekarun 1970 suke da barkwancin nan na tsohon Dakta ya shigo ya ga an sauya ɗaki ya yatsina fuska ya ce bai masa ba, a 2013 ma Tennant ya maimaita wa Matt Smith. Da ku ake.

Zara_Matar_Wata:

Ɗan Adawa ka ji ka da neman magana. To ai misalin naka ni ya taimaka, me ya sa suka yi kuka da ganin wancan ɗakin? Don sun yi shekara bakwai suna ganin mutanen nan zaune a kujerunsu, kowa da wurinsa, ka rufe ido ka san inda Data yake ka san inda Worf ke tsayawa. Zama ne ya sa shi ya shiga rai ba tsufa ba. Malam Kafinta ya gama magana, yaran da ka ce za su yi kewar wannan, me za su tuna an yi a cikinsa?

Kuma ba kowane tsoho ne ake kewarsa ba, a tambayi Baba labarin na 1972.

Tsohon_Makalli:

Hhh 'yata Zara kin kama ni, kuma na sallama maganar kujera da agogo, gaskiyarki ce, na tsaya kallon bango na manta da kayan da ke gabansa. Na 1972 kuwa kada ki tuna min, lokacin Jon Pertwee ne aka manna wa bangon wasu manyan abubuwa masu zurfi, har yau masoya shirin robar wanke-wanke suke kiransu, labari ɗaya tak ya yi aka kawar da shi, ban taɓa jin wanda ya ce a dawo da shi ba.

Amma Gamzaki ga wani abu da zai rage maka zafi, a cikin labarin kansa jirgin nan rayayye ne, ita ke sauya kanta, na ce ita don haka Daktan ke kiranta. Ranar 1 ga Janairu 2010 da Tennant ya rikiɗa ya zama Smith ɗakin ya kama da wuta, ta gyara kanta ta fito da sabo, haka a Kirsimetin 2017 ta watso Whittaker waje ta ɓace sai a kashi na biyu na 2018 aka same ta da sabon ciki, har da wurin da ke miƙo biskit in an taka. Kuma a wani kashi na 2011 an nuna cewa tsofaffin ɗakunan ba sa ɓata, tana adana su a can ciki, har Amy da mijinta Rory suka shiga na murjanin nan da ƙafarsu. Wato ɗakin Capaldi ɗinka yana nan da allonsa, ƙofa ce kawai ba a buɗe ba.

Inda na fi yarda da Malam Kafinta shi ne maganar lokaci. Zamanin Peter Davison a farkon shekarun 1980 har ɗakin kwanan abokan tafiyarsa Nyssa da Tegan muna shiga, ana faɗa ana shiryawa a lungunan jirgin, wani lokaci rabin kashi bai ƙare ba ba a ma sauka ko'ina ba. Mu a lokacin har gunaguni ake wai an cika zama a jirgi, ka ji ɗan Adam. Kuma teburin nan mai kusurwa shida an faɗa a 2008 cewa na matuƙa shida ne, shi ya sa Daktan ke ta zagaye shi a guje shi kaɗai, to wannan sabon ɗakin in an cika shi da mutum shida kowa da gefensa na tabbata ba wanda zai ce fanko ne. Ba a yi ba ne kawai.

Gamzaki:

Kai jama'a na gode, na zo da tambaya biyu na tafi da karatun zango guda. Malam Kafinta wallahi ban taɓa sanin na Capaldi da na ƙarshen Smith ɗaki ɗaya ba ne, yanzu na je na duba hotunan gefe da gefe, zobban saman nan ma iri ɗaya ne, kunya ta kama ni. Anti Zara ke kika faɗi abin da na kasa faɗa. Ɗan Adawa kai kuma Allah ya shirye ka, zan dawo kanka ranar da aka sake taɓa muku Enterprise.

Har yanzu dai ina nan a kan bakana, ko benci ɗaya ne a sa a gefen teburin nan. Baba, tunda kun ce da ana zama a jirgi, akwai wani labari na da da aka yi shi gaba ɗaya a ciki ba a fita ba? Ina so in ga farin ɗakin na asali da mutane a cikinsa, amma na ji an ce BBC ta goge kaset ɗin tsofaffin da yawa.

Tsohon_Makalli:

Akwai, kuma wannan bai ɓata ba. Labari na uku ne na zangon farko, Fabrairun 1964, The Edge of Destruction, kashi biyu ne kowanne wajen minti 25, baƙi da fari, mutum huɗu kacal, Dakta da jikarsa Susan da malaman makarantar nan biyu Ian da Barbara, ba dodo ba baƙo, jirgin ya samu matsala suna ta zargin juna. Ka yi haƙuri da tafiyarsa a hankali, ba irin gudun na yanzu ba ne. Ka sa ido a kan agogon nan da Zara ta ambata, akwai abin da zai same shi, ba zan faɗa maka ba. In kuma ka ga Susan ta ɗauki almakashi to ka gyara zama.